Ɗan Akuyan Yaya Basiru

Ranar auren Rabi a unguwar Maamobi kam, ba zan taɓa mantawa da ita ba, ko da na so. Ni ce babbar ƙawar amarya, kuma ni ce na ba da kunya.

Muna yara a unguwar Nima ba mu da telebijin. Akwai dai wani mai gyaran telebijin a bakin babbar kwata, duk Asabar da safe yakan kunna guda a ƙofar shagonsa, amma babu murya, don shi karatun Alƙur'ani yake saurara a rediyo. Kafin mu wuce makarantar malam, yayana Basiru zai saya mana koko, ya ɗora ni a wuyansa, mu tsaya kallon katun. Kullum sai mun makara, kullum shi ke miƙa hannu ya karɓi bulalata da tasa.

Katun ɗin na wani ɗan akuya ne mai jaka a baya, yana yawo gari-gari. Tunda ba a jin komai, Yaya ne ke faɗa mini abin da suke cewa. Ya ce uwarsa yake nema, ta tafi aiki wata ƙasa mai nisa. Mu ma a lokacin Mma ta tafi aikatau ƙasar Larabawa, kakarmu ke riƙonmu. In na ce, "Yaya, yaushe zai same ta?" sai ya ce, "Sati mai zuwa, ki bari ki gani." Mma ba ta dawo ba, a can ta rasu. Shi ma Yaya da ya girma ya bi hanyar Libiya, labarin rasuwarsa kawai aka kawo mana.

To, ranar auren muna cike a ɗaki ana yi mana kwalliya, hira ta faɗa kan yarinta. Wata ƙanwar ango, Fati, da ta zo daga unguwar Madina, ta ce, "Ei, wa ya tuna ɗan akuyan nan mai jaka? Mai koya wa yara wanke baki?"

Na ce, "Wane wanke baki? Uwarsa yake nema."

"Uwarsa kuma? Anti, buroshi ne a jakar."

(Ni fa ba ni da haƙurin musu. In na san abu, na san shi, kuma sai kowa ya ji.)

Na ture hannun mai kwalliya na miƙe, ido ɗaya da fenti ɗaya babu. Na zayyana musu yadda ya hau jirgin ruwa, yadda wata tsohuwa ta ce masa jiya-jiya uwarsa ta wuce ta nan. Har muryoyin na kwaikwaya. Na ce ku 'yan Madina masu telebijin a falo, kallo kuke ba kwa fahimta. Rabi na jan zanena tana cewa in zauna, dangin miji ne. Na ce ko dangin wa ne, wallahi tallahi uwarsa yake nema.

 Fati ta ciro waya, ta lalubo katun ɗin, ta ƙure murya.

Shi ne. Jakar, kunnen nan guda da ya lanƙwashe, har tsohuwar. Sai ya buɗe baki, a karo na farko a rayuwata na ji muryarsa, siririya kamar ta sauro, yana rera waƙa da Turanci a kan goge haƙori sama da ƙasa. Ya zuge jakar. Buroshi ne.

Ɗakin ya fashe da dariya. Wata har da faɗuwa kan katifa tana cewa, "Cale, ƙawata, wa ya yi miki wannan aika-aika?"

Na buɗe baki in mayar mata, don ban saba barin magana a ƙasa ba. Abin da ya fito shi ne, "Yayana."

Daga nan sai kuka. Ba irin na kamun kai da ake share ido da gefen gyale ba, kuka da majina, gaban dangin ango. Sai a lokacin na lissafa cewa shi ma yaro ne. Duk sati yana tsaye da nauyina a wuyansa, yana ƙirƙiro wa ɗan akuya hanya, shi kuwa ba wanda ya ce masa sati mai zuwa.

Rabi ta raɗa wa Fati wani abu, aka kashe wayar.  Mai kwalliya ce kaɗai ta yi magana: "Yanzu sai na sake daga farko, 'yar uwa."

A duk hotunan auren idanuna a kumbure suke. Mutane na ta cewa Allah sarki, dubi yadda take son ƙawarta. Na bar su a haka.

Abin da na koya kaɗan ne. In an fara hirar yarinta yanzu, bakina nake kamawa. Kowa na da waya, kowa na da data, ni kuwa sauran abin da ya rage mini na Yaya ba shi da yawa, ba na so a bincika mini.