Rasuwar Manhajar da Ake Karanta wa Yaya Jarida

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu a gefensa da ba ta son kiran sunansa, Malama, wadda ta koyar da tarihi shekara talatin da ɗaya kafin ta yi ritaya, tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar tsohuwar manhajar jaridarta. Marigayiyar ta cika ranar Talata da safe a kan teburin falo, tsakanin kofin shayi da akwatin magani. Ta yi shekara tara a duniya, wanda aka ce a wurin irinsu tsufa ne tukuf. Malama ba ta yarda ba. Tana da almakashin da ya girme ta sau huɗu, kuma har yau yana yanka.

Marigayiyar ta kasance mai kunya da sanin ya kamata. Tana kawo jarida yadda aka buga ta, shafi bayan shafi, babban labari da manyan baƙaƙe, ƙarami a lungun da ya dace da shi. Ba ta taɓa cewa ta san abin da mai karatu yake so ba. Kalma biyu kawai aka taɓa ji daga bakinta: "ƙilin" idan jaridar safe ta iso, da "shaf" idan an juya shafi. Sauran maganar ta bar wa Malama.

Ita kuwa Malama ba ta yi wasa da amanar ba. Tun da idanun yayarta suka dushe, kullum daga ƙarfe takwas zuwa tara Yaya tana kan kujerarta ta jikin taga, Malama tana riƙe da kwamfutar hannu tana karanta mata. Karatu ne irin na malamai: a karanta sakin layi, a tsaya, a cire tabarau, a bayyana inda edita ya yi shirme. Yaya ta ce ƙarya ne, Malama ta kawo shekara da wata, shayi ya huce. Idan aka zo shafin ta'aziyya kuma, aka ga sunan sa'ar Yaya, sai marigayiyar ta ce "shaf", a wuce. Ba ta taɓa tona asiri ba.

Ciwon ajali ya fara ne da wani jan rubutu a goshinta, wai jarida ta koma sabon gida, masu karatu su bi ta. Daga nan hotuna suka daina fitowa. A makon ƙarshe ba ta iya komai sai juya wata 'yar da'ira a tsakiyar allo, Malama tana zaune a kanta tana goge mata fuska da gefen mayafi. An rubuta wa jarida wasiƙa. Suka amsa da cewa ci gaba ne. Malama ta koyar da faɗuwar dauloli da yawa, kuma kowacce da wannan kalmar a bakinta ta faɗi.

Ta rasu ta bar labarai ɗari biyu da sha ɗaya da aka adana a cikinta, waɗanda ba a ba su izinin ƙaura ba. Ta bar Malama. Ta kuma bar magajiya, sabuwar manhajar jaridar, wadda ɗiyar Yaya, ma'aikaciyar jinya, ta saka a kwamfutar tun gawa ba ta yi sanyi ba.

Ba a zagin kowa a sanarwar rasuwa, don haka za a ce kawai magajiyar tana da murya. Ana taɓa ta sau ɗaya, ta kama karatu, ba tari, ba neman tabarau, ba ra'ayi. A rana ta farko Yaya ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce ashe editan nan yana da hankali, ita shekara tara tana zaton wawa ne. A rana ta biyu ta ce ashe jarida minti ashirin ce. Malama tana kicin, ta ji, ta wanke kofi ɗaya sau uku.

A rana ta huɗu muryar ta iso shafin ta'aziyya. Da sautin da take karanta sakamakon ƙwallo, ta karanta cikar shekara ɗaya da rasuwar aminiyar Yaya, telar da suka yi makaranta tare, wadda Yaya take ta mita cewa ta daina kiranta a waya. Yaya ba ta yi faɗa ba. Ta ce a bar mata na'urar a kan cinya, wannan aƙalla ba ta tsallake. Malama na nan a kan bakanta cewa tausayi ne ya sa ta ɓoye mata rasuwar, ko da yake ba wanda ya tambaye ta.

Za a yi jana'iza ranar Asabar a falon gidan. Malama ce da kanta za ta danne alamar marigayiyar da yatsa har ta yi rawa, idan na'urar ta tambaya ko a goge ta, ta amsa cewa e, ta tabbata, alhali ba ta tabbata ba. Ba a buƙatar kujeru. An gayyaci Yaya, ba ta ba da amsa ba tukuna.

Masu son yin gaisuwa za su sami Malama a kicin, kowace rana, daga ƙarfe takwas zuwa tara na safe. Ba ta da abin yi a wannan lokacin. Wanda ya zo da jaridar takarda, za a karanta masa.