Ustaz Fikri da As Guda Biyu

"Ni fa in na zauna tsaro a wasan karta na birij, ko aljani ne ya riƙe karta, da kuka zai tashi!"

Ustaz Fikri Shalabi ke nan, tsohon sufeton makarantu, sarkin cika baki na kulob ɗinmu da ke bakin teku a Iskandariyya. Mutum ne gajere mai tumbi, gashin bakinsa kullum a murɗe. Ko shayi zai sha, sai ya yi maka bayanin dabarar riƙe kofi.

Ranar ana wasan ƙarshe na zaɓen ƙungiyar da za ta je gasar Alƙahira. Abokin wasansa, Dakta Wagdi, likitan haƙori, shekara goma sha ɗaya yana neman wannan tafiya. Saura rabo ɗaya a tashi, su ne a gaba da maki kaɗan.

"Don Allah, ya Ustaz," in ji Dakta kafin su zauna, "ban da fasaha. Abin da ka ga zai ci, ka ci."

"Haba Dakta! Ka ji da haƙoranka, ka bar mini karta."

Aka raba. Abokan hamayya, wani injiniya Ramzi da matarsa, suka ruɗe wajen ciniki har suka ɗauki alkawarin cin zagaye goma sha biyu cikin goma sha uku. Wato masu tsaro su ci biyu kacal, alkawari ya rushe, Dakta ya tafi Alƙahira.

To, ka san abin da ke hannun gogan naka? As guda biyu, manyan kartar da ba a take su, na jinsin kubba da na jinsin dinari. Kuma shi ne zai fara jefawa! Wallahi ko akuya aka ba wannan hannu, ajiye su za ta yi ɗaya bayan ɗaya ta koma kiwo.

Amma ina! Ustaz ya murɗa gashin baki, ya ce a ransa, "Jefa As da wuri ai aikin 'yan koyo ne. Bari in yi masa kwanton ɓauna." Ya zaro wata 'yar ƙaramar karta ya jefa, yana murmushi. Ramzi ya cinye.

Can sai Ramzi ya jefa ƙaramin dinari. Ga dama ta dawo har gida. Ustaz ya dubi As ɗinsa, ya ce, "Kwanta tukuna. Bari ya zaci yana hannun Dakta." Ya sake jefa ƙarami. Sarkin dinari na cikin kartar matar Ramzi, da ke shimfiɗe a teburi, ya cinye. Dakta ya yi wani irin tari mai kama da kuka.

Daga nan fa Ramzi ya shiga jero dogon layin kartarsa, yana zubar da duk kubba da dinarin da suka rage masa. Murmushin Ustaz ya fara tsukewa, gumi ya jiƙa wuyan riga. Aka zo zagaye biyu na ƙarshe, ga As biyu a hannu, ba inda za su ci, don ba jinsinsu Ramzi ke jefawa ba. Haka ya zubar da su kamar ɓawon gyaɗa. Ramzi ya kwashe goma sha uku cif.

"Allah ya ƙara girma, ya Ustaz," in ji Ramzi. "Ni da na riga na yi wa kaina ta'aziyya."

Dakta ya miƙe a fusace. "As biyu! Ajiyarsu kake yi wa magada?"

"Kwantar da hankalinka," in ji Ustaz. "Ai a ɗaya ɗakin ma wannan rabon aka buga. Sauran 'yan ƙungiyarmu biyu ne ke riƙe da irin kartar su Ramzi a can, su ma sun cinye. Kunnen doki za a yi. Wannan hannu ba mai iya kare shi a duk Masar."

Sai ga sauran 'yan ƙungiyarsu biyu sun fito, fuska a murtuke. An karya su tun zagaye na biyu, don a can As biyun aka fara jefawa. Alƙahira ta tafi. Dakta ya zauna daɓas, ya dafe kai, abin tausayi.

"Wane gwani ne ya riƙe kartata a can?" Ustaz ya daka tsawa. "A nuna mini shi!"

Wata tsohuwa mai sanda ta tako a hankali, Madam Bahiga, shekara tamanin da ɗoriya, wadda aka roƙa ta cike gurbin wani mara lafiya a ƙungiyar su Ramzi.

"A'a, malamina!" ta ce da fara'a. "Ba ka gane ni ba? Ai ajinka na 'yan koyo na zauna bara, wata shida."

Nan take Ustaz ya buɗe ƙirji, ya juya ga jama'a. "Kun ji ko? Ɗalibata ce! Madam, gaya musu abin da na koya miki."

Ta kara hannu a kunne. "Na'am? Ɗaga murya, ɗana. Ai ni duk wata shidan nan, ko kalma ɗaya taka ban taɓa ji ba, alhamdu lillahi."