Ciyawar Sadisu da Fartanyar Hajiya Adda

"Lafiya ƙalau, maigida. Ya gajiyar ofis? Shigo mana, ka toge a bakin ƙofa kamar wanda ya zo aron gatari."

"Ina zan shigo, Amarya, na tarar an tare babu sanarwa? Ina 'yan rakiyar?"

"Akuya ɗaya ce ta rako ni, ita ma ta fi danginka natsuwa a hanya."

"Dangin nawa ai ke ce tushensu."

Sadisu ya jingine babur ɗinsa, ya durƙusa ya gai da kakarsa yadda ya kamata, sannan suka koma ga abin da suka saba. Hajiya Adda ita ta haifi mahaifinsa, kuma tun yana rarrafe take kiransa maigida, shi kuma da ya yi baki ya sa mata Amarya. Da hantsi ta iso daga Kiyawa a adaidaita sahu, ta karɓi makulli a hannun maƙwabciya kamar yadda suka shirya. Matarsa Afra'u tana Jahun wajen iyayenta, inda ta je wankan haihuwar fari, kuma jibi Asabar za a dawo da ita. A danginsu ba a bari maijego ta tarar da gida yadda namiji ya bar shi. Babbar mace ce take riga ta zuwa, ta share, ta turara, balle wannan sabon gida da ke gefen duwatsun Dutse, wanda matan Jahun ba su taɓa takawa ba.

"Na wanke kwanukan da ka tara tun ranar suna," in ji ta. "Akwai wata tukunya da na buɗe, sai da na yi mata sallama, don na ga akwai masu rai a ciki."

"Ajiya na yi miki. Na san haƙoranki sai abin da ya yi laushi."

"Haƙorana huɗu, amma kowanne ya girmi ubanka. Bar ta tukunya ma, babban aikin yana can baya. Tun azahar nake kansa, ƙuguna har yanzu bai yafe maka ba."

Sadisu ya juya da sauri. Bai tsaya cire takalmi ba, ya bi ta lungun kicin ya nufi filin da ke bayan ɗakuna.

Wannan fili yana da tarihi. Tun Afra'u tana da ciki ta nuna masa wani hoto a waya: tsakar gida shimfiɗe da koriyar ciyawa lif, jariri yana rarrafe a kai. Ta ce ita ba ta son simintin da ake malalawa ko'ina, wanda da rana yake ƙona ƙafa. Ya yi mata alkawari cewa ranar da za ta dawo, kore za ta taka. Washegarin suna ya sa aka kawo masa buhu biyu na ciyawar ado daga Kano, irin wadda ake kira kafet, ya dasa ta tsinke-tsinke da hannunsa. A tsakiyar bazara, a ƙasar da rabinta yashi ne rabinta tsakuwa, ya yi wata guda da 'yan kwanaki yana jan tiyo safe da yamma. Duk lokacin da ta tambaye shi a waya ko ta yi kore, sai ya ce sai ta zo ta gani da idonta. Ko hoto ɗaya bai tura mata ba.

Yanzu ga filin nan fayau, jar ƙasa sumul, an yayyafa ruwa an share, har sawun tsintsiya ya fito reras. A tsakiya an dasa wani ɗan guntun dabino, an kewaye shi da duwatsu. Akuya tana ɗaure a ƙafar tankin ruwa tana tuƙa.

Hajiya Adda ta iso bayansa tana dogara fartanya.

"Ba sai ka yi godiya ba. Aikina ne."

"Hajiya, ina ciyawata?"

"Na raba ka da ita. Ban taɓa ganin mai taurin kai irinta ba, ta kama ƙasa kamar an ɗinke. Na ce wannan gida ko aljanu ne suke yi masa ban-ruwa, ciyawa ta yi wannan ƙiba a bazara?"

"Ni ne aljanin. Shuka ta na yi."

"Ka shuka me?"

"Ciyawar."

Ta matso, ta ɗora bayan hannunta a goshinsa.

"Jikinka babu zafi. Sake faɗa in ji."

"Daga Kano na sayo ta."

"Mutanen Kano sun sayar maka da ciyawa." Ta zauna a kan bulo a hankali, kamar wadda aka yi wa rasuwa. "Shekara hamsin muna neman wanda zai kwashe ta gonarmu, har fura muke ba masu cirewa. Da ka yi magana, ai da na sa an loda maka amalanke uku, ka zaɓi wadda ta dace da kai."

"Ba irin ta gonarku ba ce, ta ado ce. Ke da kika girma tsakanin jaki da rumbu, ina za ki sani?"

"To, ɗan birni, ilimantar da ni. Me take haifa?"

"Ba ta haihuwa."

"Ana miya da ita?"

"A'a."

"Maganin shawara ce, ko ta basir?"

"Kallonta ake yi, Hajiya."

"Kallo." Ta dube shi tun daga hula har takalmi. "Da zan ce ka sayi madubi ya fi sauƙi, amma da na ƙare maka kallo, gara ciyawar."

"Da wannan fuskar aka ba ni 'yar Jahun. Ke kuwa na ji labari kakana Malam da daddawa aka haɗa masa ke, don ya yarda ya ɗauka."

"Kakanka sai da ya yi noman shekara biyu a gonar babana kafin a bar shi ya ga ƙeyata. Kuma a shekara biyun nan, ko tsinke ɗaya bai bari ya tsira ba. Yau ga jikansa yana shayar da ita da tiyo." Ta buga gindin fartanya a ƙasa. "Kai, saurara. Jibi mata nawa za su cika motar Jahun? Ka san abin da mace take fara dubawa a gidan da aka kai 'yarta? Tsakar gida. A wajenmu, gidan da ciyawa ta fito a tsakarsa kango ne, ko an mutu an bar shi, ko matan gidan ba su da hannu. Su koma su ce mun ajiye musu 'ya a daji? Ga kunama, ga maciji, ga sauro, ga ɗanyen yaro. Ina raye ba za a yi da ni a bakin rijiyar Jahun ba."

Sadisu ya tsuguna ya ɗebi ƙasar, ya sake ta tana zuba ta tsakanin yatsunsa.

"Alkawari na yi mata, Hajiya. Abu ɗaya ta roƙa a duk ginin gidan nan. Kullum sai ta tambaya, ni kuma ina ce mata sai ta zo."

Tsohuwar ta gyara ɗaurin kallabinta, ta dubi akuya, ta dubi filin.

"Ita yarinyar ce ta ce tana so?"

"Ita ce."

"Ashe ku biyu ne marasa lafiyar. Allah ya haɗa ku." Ta miƙa masa hannu. "Tashe ni, raggon miji."

Ta ja shi zuwa bayan tankin ruwa, inda inuwar katanga take faɗawa. Akwai wani tudu a wurin, an lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhuna. Ta yaye ɗaya da bakin fartanya. Ga ciyawar nan tsibi guda, koriya shar, kowane dunƙule da saiwarsa da ƙasarsa.

"Ni ba na noman ragwaye, masu sare kai su bar gindi," in ji ta. "Da saiwa nake cirewa. Na jiƙa ta ne don kada ta bushe wa akuyar da na kawo wa yaro. To, ita ma ta shinshina sau ɗaya ta kau da kai. Abin da akuya ta raina, shi ka yi wata guda kana yi wa hidima."

"Akuyar ƙauye ce, ba ta san abin birni ba. Halinku ɗaya." Muryarsa ta dawo, har yana dariya yana juya dunƙulen a hannu. Saiwar da ranta. "Za ta kama. Wallahi za ta kama. Sai dai a tumɓuke wancan abin da kika kafa mini a tsakiya kamar turken jaki. Nan zan sa kujerun hutawa."

"Taɓa shi ka gani."

"Gidana ne fa."

"Gidanka ne, amma ba kai na dasa wa ba. Na yi sabon miji, na sallame ka tun ranar suna. Na mai sunan Malam ne."

Haka take kiran jaririn, domin sunan marigayi mijinta aka sa masa, Falalu, sunan da bakinta bai taɓa furtawa ba.

"Daga gindin dabinon Malam na sa aka ɓanɓaro shi," ta ci gaba, "wanda ke bayan rumbu, wanda kake hawa kana yage wando. Macen dabino ce, irin uwarta za ta yi. Kafin ta fara 'ya'ya, yaron ya isa makarantar allo. Ni ba zan ci ba, ko ina nan haƙoran sun ƙare. Amma in ya ci, ya san daga inda ya fito."

Sadisu ya dubi ɗan dabinon, ganyensa biyar an ɗaure su da igiyar kaba. Ya tuna yadda Malam yake ɗora shi a wuya ya miƙa shi ga nonon dabinon da ya nuna.

"Wato kin sake ni saboda wanda ko zama bai iya ba."

"Ya fi ka hankali. Shi dai bai taɓa sayen ciyawa ba."

Ya naɗe hannun riga, ya ɗauki fartanya ya fara sara rami yana cusa dunƙulen ciyawa yana dannawa da tafin hannu. Hajiya Adda ta koma kan bulo tana kallo. Ta jure na farko, ta jure na biyu. A na biyar ta kasa.

"Wannan dashe ne ko jana'iza? Ka binne mata wuya. Wa ya koya maka?"

"A waya na gani."

"Ba ni nan, kafin ka kashe ta a ce ni ce."

Ta karɓe fartanyar, ta ɗaure zane tamau, ta sunkuya. Ta ja layi miƙaƙƙe daga katanga zuwa katanga, tana raba kowane dunƙule gida uku, tana sa shi a ƙasa tana take gefensa da diddige. Ta aike shi ya tattaro kashin akuya ya marmasa a layin, ta ce ƙasar nan yunwa take ji, ruwa kaɗai yake ɗura mata kamar mai jinyar da babu hatsi a gidansu. Kafin rana ta sauka kan duwatsu sun ci rabin filin. A kewayen dabinon kuwa ta bar taku uku ta kowane gefe, ta ce nan ko tsinke ya leƙo sai ta dawo daga Kiyawa ta same shi.

Sadisu ya tsaya yana haki, ya dubi aikin. Layuka ne reras, ƙasa tana leƙowa a tsakaninsu.

"Amarya, wannan ai ba zai rufe kafin jibi ba. Kamar fadamar albasa. Me zan ce wa Afra'u?"

"Ka ce ni ce, ni zan tare ta a ƙofa in faɗa mata da bakina. Aski na yi wa ciyawar, kamar yadda aka yi wa ɗanta ranar suna. In ta ga gashinsa bai dawo ya fi na da ba, ta zo ta kama ni."

"Matan Jahun fa?"

"Abin da aka dasa a layi ba kango ba ne. In sun tambaya, zan ce albasar Turawa ce, sai shekara ta zagayo take yin kai. Wa zai dawo ya duba?"

Ta sake sunkuyawa. Sadisu ya zaro wayarsa a hankali, ya ɗauke ta hoto, fartanya a dama, ciyawa a hagu. Ƙarar wayar ce ta tona shi.

"Me ka yi?"

"Babu komai. Zan dai tura wa mutanen Kiyawa, su ga Hajiya Adda, matar Malam guda, tana dashen ciyawa har da taki."

Ta miƙe tsaye, ta riƙe ƙugu. Sai kafaɗunta suka fara rawa, dariya ta ƙwace mata har haƙoran nan huɗu suka bayyana, tana share ido da gefen mayafi.

"Ka gama da ni, ɗan banza. In hoton nan ya je garinmu, ko gaisuwar mutuwa ba zan ƙara fita ba. Goge shi, in ba ka toshiyar baki."

"Me gare ki da zan so?"

Ta karkaɗe ƙasar da ke bakin fartanyar, ta shafa ƙotar da hannu ya cinye har ta yi santsi, ta miƙa masa da hannu biyu.

"Riƙe, ta kakanka ce. Shekara hamsin tana kashe ciyawa, yau ka sa ta dasa. Da wane ido za ta koma Kiyawa?"