Rasuwar Jan Allon Mararrabarmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gwiwoyi masu ciwo, ni Malam Mahfuzu na Roumdé Adjia nake sanar da jama'ar Garwa rasuwar maƙwabcina, jan allon nan mai cewa STOP da ke mararrabar ƙofar gidana. Ya rasu ranar Talata da hantsi, yana da shekara goma sha tara a tsaye.

Marigayin mai kusurwa takwas ne. Na sha ƙirga su, ko sau ɗaya ba su ragu ba. A aji uku na bar lakwal, wato makarantar boko, amma haruffansa huɗu na haddace su, kuma ban taɓa jin ya canza magana ba. Mai haƙuri ne ƙwarai. 'Yan moto, masu babur ɗin haya, sun wuce shi a guje ba sallama, bai yi fushi ba. An ɗaure masa akuya, an shanya masa tabarma, an liƙa masa tallar maganin basir a goshi. In iska ta taso sai dai ya ce ƙyal-ƙyal-ƙyal da ƙusarsa guda da ta kwance. Ni na ɗauka tasbihinsa ke nan.

Mutum ɗaya ne a duk garin nan yake ba shi girmansa: Jules, mai koyar da tuƙi. Kullum ƙarfe tara zai kawo ɗalibinsa, su tsaya cak a gaban marigayin, su duba dama, su duba hagu, motocin baya na ta zagi da oda. A wannan ɗan tsakanin nake lallaɓawa da sandata in tsallaka zuwa gindin dalbejiya, inda abokaina suke shan shayi. Shekara shida ba ni da wata gada sai wannan.

Ya daɗe yana fama da tsatsa a ƙafa. Ajalinsa kuwa wata babbar motar auduga ce daga Touboro, ta ja da baya ta kwantar da shi. Direban ya leƙo ya ce, "Baba, wa ya dasa ƙarfe a bakin hanya?" Kafin azahar an ga fuskar marigayin wajen Blandine mai suyar kifi, tana kare wuta da ita. Yanzu iska kaɗai yake tsayarwa.

Ya rasu ya bar ƙanensa mai hoton saniya a hanyar fita gari, wanda shanu ba su san da shi ba, da wasu fararen layuka na tsallakawa da suka kwanta jinya tun damina uku. Ya bar kuma ni. Ranar Laraba na ɗaga wa Jules sanda, ya sassauta ya ce, "Papa, ba allo, ba tsayawa. Haka littafi ya ce." Ya wuce. Yau kwanana biyar ina hangen hayaƙin shayi daga nan.

Za a binne ƙusarsa, wadda ita kaɗai na tsinta, gobe bayan la'asar a ramin da ya bari. Ana gayyatar ma'aikatan magajin gari, in sun gane wurin, tunda babu alama. Zaman makoki a gindin dalbejiya ne, tsallaken titi, kwana uku. Duk wanda ya riga isowa, don Allah ya tsallako ya kama hannun mai makokin.