Gyaɗar Aro a Gaban Daktora

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da aka tafa mini a ajin yaƙi da jahilci saboda gyaɗar da ba tawa ba. Har yau in na ji ana tafi, ko a gidan biki ne, sai kunnuwana su ɗauki zafi.

Abin ya faru kafin yaƙin da ya ɓarke a ƙasarmu, a ƙauyenmu da ke bakin tur'a, wato babbar hanyar ruwan noma, ba nisa da garin Kamlin. Ni manomi ne, kuma gyaɗa ce rabin abin da nake shukawa a hawashata, wato gonata. Na shiga aji da furfura a gemu. Bayan la'asar muke zuwa makarantar yara mu zauna a kan bencinsu, gwiwoyinmu na neman taɓa haɓa. (Ni ba na gaggawa. Harafi ɗaya yakan daɗe yana yi mini gardama, amma in ya shiga ya shiga ke nan.)

Wata rana Ustaz, malaminmu, ya shigo da baƙuwa, wata Daktora daga jami'a a birnin Madani. Kafin ta buɗe baki ya tsaya ya jero mana karatunta. Digirinta na farko a kan abinci, na biyu a kan guba, na uku a kan gubar da ke cikin abinci. Ta yi rubuce-rubuce a kan ragowar maganin feshi a jikin tumatir, da abin da kifi ke kwasowa a ruwa, da fumfunar da ke kama gyaɗa da dawa a wurin ajiya. Ya ce cikin ɗalibanta ma akwai waɗanda suka zama daktoci. Ni dai abin da na fahimta shi ne, baiwar Allah nan ta ƙarar da ƙuruciyarta tana leƙa tukwanen mutane, yanzu kuma layi ya zo kan tawa.

Daktora ta yi mana bayani da Larabci mai sauƙi. Ta ce fumfuna tana barin guba a cikin gyaɗa wadda ido ba ya gani, suya ma ba ta kashe ta. Ba ta kayar da mutum nan take, a hankali take cin hanta, kuma ta fi yi wa yara illa saboda ƙanƙantar jikinsu. Ta ce aikinta bai tsaya a gano ko akwai guba ba, sai ta lissafa nawa ke shiga cikin mutum: yawan abin da yake ci, sau nawa yake ci, da nauyin jikinsa. Don haka za ta bi gida-gida ta auna mu, ta yi tambayoyi, ta karɓi ɗan dintsi na gyaɗa ta kai ɗakin gwaji.

"Wadda kuke ci nake so," in ji ta, "ba wadda kuke kaiwa kasuwa ba."

Nan na tuna da gidana. Autata Zainabu ba ta da abin so kamar dakwa, niƙaƙƙiyar gyaɗar nan da muke sawa a miya da salatin tumatir. Da yatsa take lasarta daga kwano. Kuma a wannan kakar ta rame, kullum tana riƙe da ciki. Kowa a ƙauyen ya san tsarinmu: mai kyau ta tafi kasuwa, motsattsiya da fasasshiya da mai baƙi-baƙi su zauna a gida. Tawa kuwa ta fi ta kowa muni, don ruwan ƙarshen damina ya same ta a shanya, na tattara na jibge buhunan a ƙasa kusa da randa.

Mai hankali da ya miƙa wa Daktora wannan gyaɗar da hannu biyu. Ni kuwa sai na tsaya ina tunanin mutunci. Mu an tashe mu a kan cewa baƙo ba a ba shi na baya. In zakara ɗaya ne a gidan, shi ake yankawa. To mace mai digiri uku ta taka ƙafa har gidana, in ɗebo mata abin da akuya ke sunsunawa ta kau da kai?

Sai na nufi gidan Isa. Isa ɗan kawuna ne, taubashina, tun muna yara ba mu da aiki sai tsokanar juna, kuma benci ɗaya muke zama a aji. Shi mutum ne mai tsantseni da gyaɗarsa. Na ce ya sam mini kwano ɗaya mai kyau, zan yi baƙi. Ya dube ni ya yi murmushi, ya cika kwanon har ya tsiri, bai tambaye ni komai ba. (Wannan shirun nasa kaɗai ya isa ya farkar da ni.)

Uwar Zainabu ta ce mini matar nan fa ba ci za ta yi ba, gwadawa za ta yi. Na ce mata ita ba ta san sha'anin manyan mutane ba.

Daktora ta zo, aka dafa mata jabana, wato gahawa, ta ɗora mu a kan sikeli ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi yawan dakwar da kowa ke ci. Da na miƙo kwanon ta jujjuya gyaɗar a tafinta, ta tambaya ko ita muke ci kullum. Na ce alhamdu lillahi. (Wanda dai ba ƙarya ba ne, ko da yaushe ana gode wa Allah.)

Bayan wasu makonni ta dawo ajin da sakamako. Ta ce gidajen da ta samu matsala ba za ta ambace su a bainar jama'a ba, za ta bi kowa ta gaya masa shi kaɗai. Amma akwai gida ɗaya da ya cancanci a faɗi sunansa, don gyaɗarsa ta fi ta kowa tsafta. Sai ta nuna ni. Ta ƙara da cewa cikin yaran da ta auna babu mai cin dakwa kamar Zainabu, amma da irin wannan gyaɗar in bar ta ta ci abinta, babu damuwa.

Ku ji wautar ɗan Adam. Wallahi sai na ji sanyi a raina, na ce ashe yarinyata ta tsira. Na manta sarai cewa gyaɗar da aka gwada ba ta gidana ba ce.

Aka tafa. Ustaz ya ce in fito gaban allo in koya wa 'yan'uwa yadda nake ajiya. Na fito ƙafafuna kamar na aro, su ma. Ina tsaye ban san ta inda zan fara ba, sai Isa ya ɗaga hannu kamar yaron kirki.

"Ɗan gwaggo, a taimaka mana. A kan me kake ɗora buhunanka?"

Na ce a kan katako, nesa da ƙasa. Ya tambaya yaya nake shanya. Na ce a kan tabarma, har sai ta yi ƙara in an girgiza. Ya tambaya ina nake kai marasa kyau. Na ce tsince su nake yi ɗaya-ɗaya in zubar. Duk abin da na saba gani a gidansa na kwashe na faɗa, shi kuma yana gyaɗa kai yana cewa ma sha Allah, yau ya ƙaru. Har na fara jin daɗin muryata. Sai ya juya wajen Daktora ya ce ji ba ya kai gani, ga gidan nan kusa, me zai hana ajin ya je ya gane wa idonsa.

Daktora ta ce wannan shawara ce mai kyau, dama tana son hoto ta nuna wa ɗalibanta.

Ban taɓa sanin hanyar gidana tana da gajarta haka ba. Ina gaba, dattawan ƙauye na biye da ni da littattafansu a hammata, ina ta addu'ar a kira magariba kafin lokaci. Muka shiga. Ga buhunan a ƙasa, gindinsu ya jiƙe da ɗigar randa, kaza ta hau na sama ta kwanta. Warin ma kaɗai ya gama bayani. Daktora ta kori kazar, ta zura hannu cikin buhu, ta fito da dintsi. Ta daɗe tana kallonsa kafin ta kalle ni.

"Ya Hajj, wannan 'yar'uwar waccan ce da ka ba ni?"

Kafin in haɗiye yawu Isa ya amsa daga baya: "'Yar gwaggonta ce, Daktora. Waccan a gidan kawu aka haife ta."

Wani tsoho sai da ya dafa bango don dariya. Ustaz ya juya baya yana gyaran rawani, kafaɗunsa na rawa. Ni kuwa na faɗi gaskiya kaina a ƙasa, na ce kunya ce ta hana ni ba baƙuwa abu marar kyau.

Daktora ba ta yi dariya ba, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Ta ce lissafinta ba ya wuce dintsin da aka ba ta. Ta ce abin da ya dame ta shi ne da bakinta ta ce a bar yarinya ta ci, da kuma ba a zo gidan ba da haka za ta koma Madani. Ta tambaya ina Zainabu take, tun yaushe take ciwon ciki. A nan ne kunyar ta gudu, tsoro ya maye gurbinta.

Sai muryar uwar Zainabu ta fito daga bayan labule. Ta ce tun ranar da Daktora ta fara zuwa ta daina taɓa waɗannan buhunan. Gidan Isa take zuwa, matarsa na ɗebo mata ta miya. Wato ni kaɗai ne a gidan ban san wace gyaɗa nake ci ba.

Daktora ta ɗebi ta gaskiyar da hannunta, ta ce gobe-gobe a kai yarinyar asibiti a duba ta. Muka kai ta Kamlin. Aka ɗebi jini, aka yi gwaje-gwaje, ina zaune a baranda ina ta jan carbi ban san abin da nake karantawa ba. Likita ya fito ya ce tsutsar ciki ce, hantarta lafiya lau. Na zauna a kan matakala ina dariya ni kaɗai, masu wucewa na kallona. Aka ba ta magani, kafin wata ya zagayo kumatunta sun dawo.

Sakamakon gyaɗata ya zo daga baya. Daktora ta aiko cewa kada a ba ko akuyar da ake tatsa, don gubar tana bi ta nono. Na haƙa rami na binne buhunan, Isa na tsaye a kaina yana tambaya ko a yi musu salla. Katakon da nake ɗora gyaɗa a kai yanzu shi ya kawo mini, kuma tun daga ranar sunana a aji ya koma Ustazun Gyaɗa.

Abin da na koya ba shi da yawa. Baƙon da ya zo cin abinci a ba shi mai kyau, amma wanda ya zo neman cuta a kai shi inda take, ko da kaza na kwance a kai. Ustaz ya gaya mini cewa tun daga gidana Daktora ta daina karɓar kwano daga hannun kowa, da kanta take zura hannu a buhu, kuma haka take koya wa ɗalibanta. Don haka in kun ji ana jero karatunta da bincikenta, ku sani ni ma na ba da tawa gudummawar, tun ban gama koyon rubuta sunana ba.