Rasuwar Zanen Shagon Agogo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fuskar da kunya ta hana ta ɗagowa, Auta mai zane yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Zanen Shagon Agogo, wato na asali, wanda ya rayu a cikin kwamfutarsa tun ranar da aka haife shi. Marigayin ya cika ba kowa a kansa, kuma sai da aka daɗe da rasa shi kafin iyalinsa su ankara.

Ga wanda bai san shi ba, marigayin hoton shagon gyaran agogon Baba ne, mahaifin Auta. Lokacin da aka zo faɗaɗa titi aka shafa wa shagon jan fenti, Auta ya riƙa zuwa da allon zanensa na lantarki yana zama a benci a bakin ƙofa, har ya kwashe shagon kaf kafin motar rusau ta iso. Yau wurin kwalta ne. Baba yana gida, idanunsa sun fara gajiya, kuma burinsa ɗaya ne: a buga masa zanen nan babba a rataye a ɗakinsa, ya riƙa ganin inda ya ƙarar da ƙuruciyarsa.

Duk wanda ya yi hulɗa da marigayi zai shaide shi da gaskiya. Bai taɓa ɓoye wa kowa komai ba. In ka jawo shi kusa, sai ya nuna maka agogunan bango ɗaya bayan ɗaya, kowanne da inda ya tsaya. Ka ƙara jawowa, ga hantsakin Baba, ga 'yan mitsi-mitsin sukurori a murfin kwalba, ga tabon da ke babban yatsansa, ga ƙurar da ta kwanta a kan rediyon da wani ya kawo gyara bisa kuskure bai dawo ya karɓa ba. Aibinsa ɗaya, nauyin jiki. Sai kwamfuta ta yi ta huci, fuuu, fuuu, kafin ya fito a hankali kamar dattijo mai saukowa daga mota. Auta ya sha yi masa tsaki a kan wannan, yau ga shi yana neman hucin ido rufe.

Ciwon ajali ya faro ranar da Auta ya ɗora zanen a wani shafin intanet inda masu zane suke baje kolin aikinsu. Shafin ya karɓe shi hannu bibbiyu. Abin da Auta bai sani ba, ko dai a faɗi gaskiya, abin da bai tsaya ya karanta ba, shi ne shafin ba ya ajiye hoto yadda aka ba shi. Matse shi yake yi don ya yi saurin buɗewa a wayoyin mutane. Ya rage masa girma, ya zubar da duk abin da yake ganin ido ba zai lura da shi ba, ya ajiye ɗan ƙarami don masu leƙe. A fuskar waya kuwa ɗan ƙaramin nan fes yake. Jama'a suka yi ta yabo, kan Auta ya kumbura.

Sai wata rana kwamfuta ta ce wuri ya cika. Auta ya duba ya ga wanda ya fi kowa cin wuri, ya ce a ransa ai yana intanet, can kuma kaya ba ya ɓata. Ya tura shi kwandon shara, ya kuma zazzage kwandon. Maganar ƙarshe da aka ji daga bakin marigayi ita ce, ƙaras. Iyali sun so a sakaya abin da aka zuba a gurbinsa, amma mai wannan rashi ya ce a faɗa. Wasan ƙwallo ne na kwamfuta, wanda har yau bai iya bugawa ba.

Asiri ya tonu ne da Yaya, babbar 'yar gidan, ta ce a cika wa Baba burinsa. Auta ya sauke hoton daga shafin, ya kai shagon buga hotuna yana ɗaga kafaɗa. Mai shagon ya buɗe, ya jawo kusa, ya dubi Auta.

"Malam, ina na asalin? Wannan ai ko girman tafin hannu da ƙyar zai yi kyau."

"Kai dai buga," in ji Auta. "Ni na zana abina, na san abin da ke ciki."

Inji ya buga abin da aka ba shi. Agogunan bango suka fito kamar an jera faranti, ba hannu ba lamba. Sukurori suka narke suka zama toka. Fuskar Baba ta fito gida-gida, tabon yatsa kuwa ko alamarsa. Nan ne ya kamata Auta ya tsaya, amma Yaya ta riga ta yi wa Baba albishir, shi kuma girman kai bai bar shi ba. Ya sa aka yi wa gawar firam, ya kai gida ya rataye.

Baba ya sa tabarau. Ya matso, ya ja da baya. Ya cire tabaran ya goge da bakin riga, ya sake matsowa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Sannan ya juyo ya ce, "Auta, ka yi haƙuri. Ka sha wahala a kan aikin nan, ga shi idanuna sun ƙi. Ko agogo ɗaya ban iya karantawa ba."

Auta ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Sannu, Baba." Tun ranar kunya take cin sa. Baba ya daina zama a gindin taga yana taɓa agogunan maƙwabta, ya mayar wa kowa nasa ba gyara, ya kuma ce Yaya ta kai shi asibitin ido a gaya masa ganin nasa saura nawa. Yaya ta watsa wa Auta wani irin kallo, da ma zaginsa ta yi da ya fi sauƙi.

Marigayin ya bar ɗa ɗaya a shafin intanet, wanda har yanzu yake karɓar yabon da ba nasa ba. Ya bar jikoki da dama a wayoyin dangi, waɗanda aka yi ta turawa daga hannu zuwa hannu, kowanne ya fi na gabansa rama. Ya kuma bar wani filas, ɗan abin adana kayan kwamfuta, sabo fil a aljihun tebur, wanda aka saya musamman don a ajiye shi a ciki. Mai gyaran kwamfuta ya yi iya ƙoƙarinsa, ya tabbatar an riga an yi gini a kan kabarin.

Za a yi jana'iza gobe da safe a ɗakin Baba, kafin motar da za ta kai shi asibitin ido ta zo. Yaya ce za ta riƙe kujera, Auta ya hau ya sauke firam ɗin da hannunsa. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya su bar "ai da ka ajiye a wuri biyu" a gida, an riga an kawo ta da yawa. Bayan an fita da gawa, kowa zai ba da wuri. Auta zai durƙusa a gaban mahaifinsa ya ce, "Baba, idanunka ba su da laifi. Babu agogon da za a karanta a ciki, ni na zubar da su."