Tayoyin Dama Daban, Na Hagu Daban

Ba zan taɓa mantawa da Litinin ɗin da Baba Yohanna ya cire hularsa a gaban jif ɗin kamfaninmu ba, kamar wanda ya zo gaisuwar mutuwa.

Lokacin sojoji ba su daɗe da miƙa mulki ga farar hula ba, ni kuma ina wata na biyar a aikin gwaji a wani kamfanin abincin kaji a Kudenda. Saura wata ɗaya a tabbatar da ni ko a sallame ni. Sai manajarmu, Madam Ladi, ta kira ni ta ce jif ɗin da ke kai kaya gonakin bayan Kamazou na bukatar sababbin tayoyi da wili kafin damina ta zauna. "Kai ne mai digiri," in ji ta, "ka zaɓo masu kyau."

Na fara da Baba Yohanna, direban motar. Ko ɗago kai bai yi ba. "Manya masu haƙora, guda huɗu. Hanyar nan taɓo ce." Da a nan na tsaya, da an gama. Amma sai na ga (wataƙila da gaskiyata) bai kamata mai ilimi ya dogara da ra'ayin mutum ɗaya ba. Na je Makera wurin wani Alhaji mai sayar da taya, ya ce masu haƙoran ƙugi suke yi a kan kwalta, ga shan mai, gara na titi. Shi ma na ga yana da gaskiya.

Kwana huɗu ina jan layi a takarda. Har ƙuri'a na sa aka kaɗa a ofis, tunda zamanin ya zo, aka yi kunnen doki. Daga ƙarshe wata dabara ta faɗo min, wadda har yau ina jin kunyar irin daɗin da na ji. Na lura a ƙananan hanyoyinmu gefen dama na mota ne ke sauka cikin taɓo in za a kauce wa wata, gefen hagu kuwa yana kan kwalta. To me zai hana a sa masu haƙora biyu a dama, na titi biyu a hagu? Ba wanda zai ce na yi watsi da shawararsa.

Ranar Asabar, Baba ya tafi biki garinsu, na sayo tayoyin biyu-biyu a Makera, na kawo mai faci har cikin kamfani ya ɗaura su. Ya dube ni ya ce, "Oga, ka tabbata?" Na ce masa an yi nazari. (Na ga masu haƙoran sun ɗara na titin tsawo, amma na ɗauka in an yi lodi za su daidaita.)

Litinin da safe na ɗaura nakatayi a wuya, na rungumo fayil, na gayyato Madam ta ga aiki. Leburori na jiran lodi. Motar kuwa ta karkace hagu kamar mai ciwon kwankwaso. Baba ya zagaya ta sau biyu, sannan ya cire hular.

"Ɗana," ya ce a hankali, "me motar nan ta yi maka?"

Na buɗe fayil na soma bayani. Ina kai wa kan batun gefen dama da gefen hagu, wani lebura ya zube kan buhu yana dariya. Wani ya ce, "Oga Giraduwet, in za mu dawo fa? Da baya-baya za mu taho?" Na ce a'a, ai ko a dawowa daman nan ce dama. Wallahi gaskiya na faɗa, amma dariyar sai ta ƙaru.

Madam ba ta yi dariya ba. Ta ce Baba ya ja motar zuwa ƙofa. Da ya tayar da ita ya saki sitiyari, motar ta kama hanyar hagu da kanta, ta nufi ɗakin maigadi, har maigadin ya fito da kofin shayinsa a guje.

"Wa ka tambaya da farko?" in ji Madam.

"Baba, Ma."

"Me ya ce?"

"Ya ce… a iya cewa ya fi karkata ga masu haƙora."

Ba ta kore ni ba. Ta ƙara min wata uku na gwaji, ta kuma ce in mayar wa Alhajin Makera da na titin da kaina. Haka na gara su ɗaya bayan ɗaya har bakin titi neman tasi, gumi na bin nakatayina, leburori na yi min tafi.

Abin da na koya shi ne, in ka tsaya sai ka gamsar da kowa, kai kaɗai za ka tura tayar. Yanzu in an ba ni zaɓi biyu, ɗaya nake ɗauka in tsaya a kai. Galibi dai. Ya danganta.